INA TUSHEN GABA TSAKANIN MANOMI DA MAKIYAYI?

'Yan'uwa na rassan Magariya, Dungas, Bande, Waca, Guci, Malawa, Dan Ciyau da sauran garuruwan kasuwa, muna roƙo a karanta wannan takarda a taron kowane reshe tun kaka ba ta kama ba, gama maganar da ke cikinta maganar rai ce.

Kowace shekara in damina ta ja baya, dabbobin da suka yi kiwo a arewa su kan juyo kudu, alhali wake bai bushe ba, dammunan gero kuma suna zube a gona. Dare ɗaya garke ya ratsa gonar wani. Gari ya waye, mai gona ya ga wahalarsa ta wata huɗu ta tafi cikin shanu, sai ya koma gida ya ɗauko adda. Makiyayi kuwa ya riƙe sandarsa, ya ce hanyar da ubansa ya bi ita ya bi, shi bai san ranar da ta zama gona ba. Kowa ya san abin da ya kan biyo baya.

To, don me? Waɗansu su kan ce halin Fulani ne. A ruga kuma a kan ce Haɓe ba su ƙaunar ganin mai sanda. Mu dai ba mu yarda da wannan ba. Mutanen nan su ne ke haɗuwa ran Alhamis a kasuwar Maigatari, su yi ciniki, su tafa, su yi salla sahu ɗaya. Furar da mu ke sha, geron na wannan ne, nonon na wancan. Da a jini abin ya ke, da ba a ci kasuwa ko ɗaya lafiya ba.

Sai mu rarrabe abu biyu. Fushi dabam, ƙiyayya dabam. Fushi na kowane ɗan Adam ne, harshe da haƙori ma su kan saɓa. Wanda aka yi wa ɓarna ya yi fushi, ba a ga laifinsa ba, kuma in an biya shi hakkinsa zai huce. Ƙiyayya kuwa fushi ne wanda ya kwana, ya shekara, bai sami alƙali ba. Sa'an nan ya kan bar kan mutum ɗayan da ya yi laifi, ya hau kan danginsa duka, har jaririn da ke goye. Abu uku mu ke gani suna mai da fushinmu ƙiyayya.

Na fari, ƙasa ta yi mana kaɗan. Lokacin da Nijar ta sami mulkin kai a 1960 mutanenta wajen miliyan 3 ne. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 17. A ƙidayar nan gundumar Magariya tana da mutum sama da 570,000, gundumar Dungas kuwa, wadda aka cire daga Magariya a 2011, sama da 350,000. Wurare kaɗan ne a Nijar suka kai namu cunkoso. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta. Saura ta ƙare, daji ya ƙare. Don haka kowa ya kan ɗan tura iyaka, bana kunya ɗaya, baɗi kunya biyu, har burtali ya zama siririyar hanya, bakin tabki kuma ya zama garka. Ba mugunta ta sa haka ba, yunwa ce. Amma saniya ba ta tashi sama, tilas ta taka ƙasa.

Na biyu, bukatar juna ta ragu. A da, bayan an kwashe amfanin gona, manomi shi ke zuwa ruga yana roƙon a sauka a gonarsa. Shanu su ci kara, su zuba taki, shi kuwa ya ba da damin gero. Matar ruga tana da gidan da ta ke sauke ƙwaryarta a gari, a san sunanta, a san 'ya'yanta. Yanzu manomi ya sami tumakinsa da shanun huɗa, ya kan kwashe kara da harawa ya ɗora bisa itace, ko ya kai kasuwa. Gawon da mutanen Magariya, Matamai da Mirya suka yi ta reno a gonakinsu tun bayan farin 1984, har aka san ƙasar nan da shi a duniya, shi ma ya zama abin rigima, domin mai gona ya rene shi, mai dabba kuma yana bukatar ganyensa da rani. Bugu da ƙari, farin 1973 da na 1984 sun karkashe dukiyar makiyaya da yawa, har waɗansu suka koma kiwon shanun attajirai da ma'aikatan birni. Sau da yawa yaron da aka kama a gona ba shi da ko maraƙi a garken. Mai shanun yana kwance bisa katifa, talaka biyu suna sarar juna saboda shi. Wanda ka daina bukata, ka kan daina gaishe shi. Wanda ka daina gaisarwa kuwa, kome aka faɗa maka a kansa sai ka yarda.

Na uku, shi ne babba, watau rashin shari'ar da kowa ya amince da ita. Nasara ya tsara mulkinsa da sarakuna iri biyu: mazauna gari a ƙarƙashin sarkin ƙasa, masu yawon kiwo a ƙarƙashin nasu shugaban. Ƙasa ɗaya, rijiya ɗaya, amma ƙofar kai kuka biyu. Nasara ya tafi tun 1960, saboda haka abin da ya saura namu ne, ba mu da wanda za mu ɗora wa. In manomi ya kai ƙara ya ga an saki shanu ba a biya shi ba, sai ya ce an sai da bijimi an toshe bakin mai shari'a. In makiyayi ya ga an ci shi tarar da ta ninka ɓarnar sau biyar, sai ya ce don shi baƙo ne. Ko an ci hanci ko ba a ci ba, muddin an yi abin a ɓoye, kowa zai koma gida da zargi. Mutumin da ya fid da rai ga alƙali shi ke zama alƙalin kansa.

Kada wani ya ce muna tsoratarwa ne. A ƙarshen watan Oktoba na 1991, a Toda ta ƙasar Gidan Rumji cikin jihar Maraɗi, rigimar gona ta jawo aka kashe mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara na Fulani. A watan Nuwamba na 2016, a Bangi ta ƙasar Madawa, an sake kashe mutum wajen 20. Mutanen can Hausawa ne da Fulani kamarmu, gero su ke nomawa, shanu su ke kiwo, kuma duka biyun da kaka aka yi su. Matan da aka kashe a Toda ba su ne suka kora shanu gona ba. Ga aikin ƙiyayya ke nan: ba ta tambayar wa ya yi, sai dai ta tambayi ɗan wane ne.

Doka kuwa akwai ta. A 1993 aka kafa dokar karkara, wadda ta haifar da hukumomin filaye da a ke kira Kofo, daga gunduma har ƙauye. A 2010 aka ƙara dokar kiwo, wadda ta tabbatar wa makiyayi hakkinsa na tafiya da dabbobi, ta hana cinye burtali, ta kuma ce a fara kai rigima gaban zaman sulhu wanda ya haɗa manoma da makiyaya. Kowace shekara hukuma ta kan sa ranar sakin gonaki. Amma dokar da ke kwance a ofis da Faransanci, mai gona bai ji ta ba, mai sanda bai ji ta ba, ina amfaninta?

Saboda haka ga abin da mu ke nema ga kowane reshe.

Na ɗaya, da an sa ranar sakin gonaki, a yi shelarta a kasuwa da Hausa da Fulatanci, a kuma aika ruga. Kada a ce ai sun ji a rediyo.

Na biyu, kafin shuka da kuma kafin kaka, dattawan gari da ardo su taka burtali tare da ƙafarsu. Inda aka ci iyaka a faɗa, ko gonar ɗan reshenmu ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, in an yi ɓarna, a auna ta da rana a gaban shaidun kowane gefe, a faɗi kuɗin da ƙarfi, a rubuta, kowa ya riƙe takardarsa. A kuma tambayi sunan mai shanun na ainihi.

Na huɗu, wanda ya zo da labarin wai an kashe wani a wani gari, ko da baki ko ta wayar salula, a tambaye shi: wa aka kashe, a ina, wa ya gani? In ya kasa amsawa, labarin ya tsaya a nan.

Na biyar, mu gyara bakinmu. A ce wane ya yi ɓarna, kada a ce Fulani sun yi. A ce wane ya toshe hanya, kada a ce Haɓe sun toshe. Yaranmu suna jinmu, abin da suka ji a gida kuwa shi su ke kai wa ɗan'uwansu a lakwal.

'Yan'uwa, ba mu da ikon faɗaɗa ƙasa, ba mu da ikon saukad da ruwa. Amma muna da ikon hana fushi ya kwana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane reshe ya aiko mana da labarin burtalin ƙasarsa kafin a fara yankan gero. Allah ya ba mu kaka lafiya, amin.