A Jarraba Irin Tumatir Kafin A Yabe Shi

Masu lambu sun san wannan hasara: tumatir ya yi kyau, ya soma fure, sai a wayi gari a tarar ya yi yaushi, ganyensa kore shar, ƙasa kuwa a jiƙe. In an ƙara ruwa sai abin ya daɗa lalacewa. Wata ƙwayar cuta ce mai zama cikin ƙasa, wadda masana su ke kira Ralstonia. Ta kan shiga ta raunin saiwa, ta hayayyafa cikin jijiyoyin da ke kai ruwa sama har ta toshe su. Gauta da tattasai da dankalin Turawa ma ba ta ƙyale su ba, kuma babu maganin feshi da zai ta da shukar da ta kama.

Wani Ba'amurke, Erwin Smith, shi ya bayyana ta cikin 1896, aka daɗe ana zaton abu guda ce. A 2005 masana suka kasa ta zuriya huɗu, watau ta Asiya, da ta Amurka, da ta Afirka, da ta Indunisiya. A 2014 kuma aka tabbatar jinsi uku ne dabam dabam. Ba su tsaya inda suka samo asali ba. Ta Asiya ma ta shigo Afirka.

To, a nan maganarmu ta ke. Ana sayad da iri cikin takarda mai rubutu cewa yana jure wa cutar, manomi ya biya kuɗi da yawa ya saki jiki. Amma wace zuriya ya ke jure wa? Ko tumatir ɗin nan Hawaii 7996, wanda masu binciken iri su ke ji da shi ƙwarai, an sami ƙwayoyin da su ke kā da shi, zafin ƙasa kuwa ya kan rage wa iri juriya. Irin da ya yi abin kirki a wata ƙasa yana iya faɗuwa a fadamun Kadawa. A ganinmu bai kamata malamin gona ya yaba wani iri ba sai an shuka shi cikin ƙasarmu mai cutar an ga yadda ya ƙare. Wannan aiki ne da ya dace da ma'aikatar bincike ta Samaru da ta kayan lambu da ke Ibadan.

Malaman makaranta kuma suna da nasu rabo, ba ya kuwa bukatar ko kwabo. A yanko karan tumatir mai yaushi, a tsoma bakinsa cikin tambulan na ruwa garai garai. In bayan 'yan mintoci wani farin abu ya riƙa zubowa kamar zare, to, ita ce. Yaro ya gani sau ɗaya ya isa ya gaya wa ubansa. Sa'an nan a tuge shukar a ƙone, a hana ruwan wannan kwami gangarawa cikin na kusa, a sa masara ko dawa a wurin har 'yan shekaru.