Briqueterie Ba Rumfar Tsire Ba Ce Kawai

Duk baƙon da ya sauka Yawunde, sai a tura shi Briqueterie cin tsire. Ya ci, ya ɗauki hoto, ya toshe hanci saboda kwata, ya wuce. Wannan raini ya ishe mu. Unguwar ta samo sunanta daga masana'antar jan bulo ta zamanin Jamusawa, amma fataken Hausawa ne suka raya ta. A lungunanta akwai maɗinka masu shafe makonni suna aikin aska takwas a babbar riga guda. Su ne masu fasaharmu. Sai ga mu, 'yan gida, muna taya aikinsu da arha, mu koma mu sayi ɗinkin inji. Ranar da allurarsu ta tsaya, kada mu ɗora wa baƙo laifi; namu ne.