Bayan soke koyarwa da harshen uwa: Wa zai saurari Turancin ɗalibi?

A watan Nuwamban 2025, Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a Abuja cewa Gwamnatin Tarayya ta soke manufar koyar da 'yan firamare da harshen uwa, wadda aka amince da ita a 2022 zamanin Malam Adamu Adamu. Daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa a dukkan matakan karatu. Hujjar ministan ita ce yawan faɗuwa jarrabawa a yankunan da ya ce sun fi dogara da harshen gida.

An yi ta muhawara a kan dacewar matakin, amma an tsallake wata tambaya. Yaron da za a koya wa lissafi da kimiyya da Turanci, wa ya koya masa jin Turancin da furta shi?

A fara duba jarrabawa, domin ita ce ke juya akalar aji. Takarda ta uku ta Turanci a WAEC ita ce ta furuci: tambayoyi 60 cikin minti 45. Ɗalibin Najeriya yana amsa ta ne da fensir, ba ya sauraron komai, ba ya kuma buɗe baki. Takwarorinsa na Ghana da Gambiya da Saliyo kuwa, sautin da aka naɗa ake kunna musu su saurara kafin su amsa. Muddin jarrabawa ba ta nemi magana ba, malami ba zai ɓata alli a kanta ba. Shi ya sa ake samun mai kiredit a Turanci wanda harshensa ke sarƙewa a gaban masu tantance ma'aikata.

Sai cunkoso. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, alhali a makarantun gwamnati da dama a biranen Arewa aji kan ninka hakan. Darasin minti 40 a ajin yara 80, ko da malami bai ce uffan ba, rabin minti ne rabon kowane yaro. Abin da ya rage shi ne amshi: malami ya faɗa, aji ya maimaita. Ga kuma al'adar sa monita ya rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, abin da ba ya haifar da Turanci, sai dai shiru.

Shi kansa malamin, a irin wannan aji ya taso. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malamai 21,780 daga cikin kusan 33,000 sun gaza a jarrabawar 'yan aji huɗu. Ko da an yi ja-in-ja a kan yadda aka yi gwajin, ya nuna cewa sanarwa kaɗai ba ta sa Turanci a bakin malami.

Gyaran bai buƙaci ɗakin kwamfuta ba. Na farko, a raba aji bibbiyu: wannan ya zama mai saye, wancan mai shago, wannan ya nemi kwatancen hanya, wancan ya kwatanta. A ajin yara 80, mutum 40 ne za su yi magana lokaci guda. Za a yi hayaniya, dole kuma hedimasta da jami'an sa ido su daina ɗaukar ajin da ya yi tsit a matsayin ajin kirki.

Na biyu, a kawo murya daga waje. Kenya ta gwada koyar da Turanci ta rediyo a firamare a farkon shekarun 1980, Bangladesh kuma ta ɗora wa malamai darussan sauti a wayoyinsu a wani shiri da aka fara a 2008. A yankin da rediyo ke kowane gida, ƙaramar sifika da wayar malami sun isa a yi minti 10 na saurare kullum.

Na uku, a yi amfani da Hausar a matsayin tsani. Malamin da ya san cewa Bahaushe kan haɗa sautin “p” da “f”, kuma kan cusa wasali tsakanin baƙaƙe, kamar yadda aka samu kalmar “burodi”, ya san inda zai sa ƙarfi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare, ya damƙa darasin Turanci ga malamai ƙwararru, yaran kuma ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba.

Na huɗu, a ba magana maki. Jihohi ne ke riƙe da makin gwaje-gwajen aji da jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a makarantunsu, don haka ba sa buƙatar jiran WAEC kafin su ware wani kaso ga saurare da magana.

Masu hali sun riga sun saya wa 'ya'yansu wannan fasaha a makarantun kuɗi. Ɗan talaka ne sabuwar manufar za ta bari yana kallon bakin malami. Saboda haka idan an zo kare kasafin kuɗin ilimi a majalisun jihohi, abin da ya kamata matasa su tambayi kwamishina da shugaban SUBEB shi ne: nawa aka ware don horar da malaman Turanci, kuma yaushe za a fara sauraron ɗalibi kafin a ba shi maki?