Hadarin Gabas: Muna Buƙatar Na'urar Rada Tamu Ta Kanmu

A daminar 2006 masana daga jami'ar MIT ta Amurka suka ɗauko na'urar rada suka kafa ta kusa da filin jirgin saman Yamai, ƙarƙashin shirin AMMA mai binciken damina a Afirka ta Yamma. Na'urar kan harba igiyar rediyo cikin gajimare, ta dawo da labarin yawan ruwan da hadari ke ɗauke da shi, da ƙarfin iskarsa, da inda ya dosa. Sun sake aiki da ita a daminar 2007. Bincike ya ƙare, kowa ya kama gabansa.

Abin da suka gani manomi ya san shi da ido: gabas ta yi baƙi ƙirin, guguwar ƙura ta riga ruwa isowa, ta yaye kwanon rufi, ta kayar da katanga. Irin wannan hadari kan jeru ya yi yamma da gudun da ya kai kilomita 50 a awa, kuma shi ke kawo mafi yawan ruwan Sahel. Na'urar da ke hango shi daga kilomita 150 za ta ba gari awa biyu zuwa uku. A cikin awa biyu uwa za ta fitar da 'ya'yanta daga ɗakin ƙasar da ya jiƙe, mai kwalekwale ya fasa tsallaka Kwara, makiyayi ya janye garke daga ƙorama.

Amurkawa sun ɗora irin wannan na'ura a bayan babbar mota tun 1995, suna bin guguwa da ita. Ɗaya daga cikin waɗannan na'urori ce ta auna iskar da ta haura kilomita 480 a awa a jihar Oklahoma ranar 3 ga Mayu, 1999. Mu ba sai mun bi hadari a guje ba. Amfanin na'ura mai tafiya a wurinmu shi ne a kai ta inda damina ta fi barazana, Maraɗi ko Haɗeja, in kaka ta yi a gangara da ita kudu, inda garuruwa irin Librebil na Gabon ke shiga manyan ruwansu.

Ba mu manta da illar mummunar iska ba: a waccan shekarar ta 2006, ranar 29 ga Oktoba, jirgin saman kamfanin ADC ya faɗi a Abuja jim kaɗan da tashinsa cikin mummunar iska, muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo da mutane da dama. Allah ya jiƙansu.

Muna kira ga gwamnatocin Najeriya da Nijar su ware kuɗin sayen na'urorin, su horar da matasanmu su iya gyara su, domin na'urar da ke jiran injiniya daga Turai rabin damina za ta yi a kwance. Cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET suna nan a Yamai, hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana Abuja. A haɗa hannu da su. Gargaɗin kuma ya fito da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Kanuri, ta gidajen rediyo da saƙon waya, kafin iska ta iso bakin gari.