A haƙa magudana kafin a raba filaye a Kwaya

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni wuri in yi kira ga ƙaramar hukumarmu ta Kwaya da ma na Magariya da Dungas game da sabbin filayen gidaje da ake yankawa a bakin gari. Ana auna fili, a kafa duwatsu, a sayar, babu mai tambayar inda ruwan damina zai bi.

Daminar 2024 ta isa ta farkar da mu. A watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe saboda ruwan sama, kuma mutane fiye da miliyan ɗaya ne ambaliya ta shafa a Nijar. Gidajenmu na ƙasa ne. Ruwa in ya kwanta a gindin bango, ƙasa yake ci a hankali har katanga ta zube.

Abin da ya fi damuna shi ne cike kududdufai ana sayarwa a matsayin fili. Nan ne ruwan unguwa ke taruwa tun kakanni. In an toshe shi, ɗakunan mutane zai nufa. Ya kamata masu awo su fara duba gangaren ƙasa, su bar hanyar ruwa a buɗe, a gina lambatu da kwalbati masu faɗi da za su kai ruwan har kwari, tun ba a ɗora tubali ba. Yashi da leda kuwa suna cika magudana da wuri, sai a sa wa kowace unguwa ranar yasa kafin watan Yuni.

Naku,
Wani mai karatu daga Kwaya