Wa Ya Ce Lambunan Jakara Filin Banza Ne?

A idon masu tsara birane, duk filin da ba a aza wa bulo ba fili ne mai jiran mai saye. Da wannan ido ake kallon lambunan bakin Jakara da Getsi a Kano, inda aka daɗe ana noman latas da alayyahu da karas, kuma da shi ake yanka irinsu fuloti-fuloti a jera shaguna.

Kuskure ne mai tsada. Ganye ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Alayyahun da aka yanka da asuba, kafin la'asar ya yi yaushi. Amfaninsa a noma shi kusa da tukunya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, duk kwandon da aka ɗauko daga Kura ko Kadawa yana isa kasuwar 'Yankaba da ƙarin kuɗin mota a kansa, mai cefane kuma shi ke biya. Ga ruwan damina: ƙasar lambu tana shanye shi, siminti kuwa cikin gidajen mutane yake tura shi.

Masu adawa suna da hujja guda mai nauyi, wato ruwan ban-ruwa. Jakara tana ɗauke da dagwalon birni, Getsi kuma da na masana'antun Bompai, latas kuwa ɗanye ake cinsa. Gaskiya ne. Sai dai laifin na wanda ya gurɓata kogin ne, kuma abin mamaki, mai lambu ake kora a bar mai masana'anta. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, saboda haka manomin da ba shi da takarda yana iya wayar gari ya tarar da katafila a kan shukarsa. Wa zai kashe kuɗin rijiyar burtsatse a filin da ba shi da tabbacin kaiwa baɗi a cikinsa?

Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, mai da takin zamani suka yanke wa Kuba, hukumomin Habana sun raba wa mazauna unguwanni kangwayen filaye su noma, birnin kuma ya ci daga cikinsu. Kano ba ta buƙatar koya wa kowa noma, domin gwanayen suna nan bakin kogi. Abin da ya rage shi ne gwamnati ta shata lambunan a taswirar birni, ta ba ƙungiyoyin manoman hayar dogon zango a rubuce, ta kuma tilasta wa masana'antun Bompai tace ruwansu kafin su sake shi.