Wa Ke Duba Bakin Yaro?

Duk wanda ya tashi a Magarya ko Wurno, Rabah ko Goronyo, ba sai an koya masa darajar asuwaki ba. Dattijo zai zaro nasa daga aljihun gaba kafin alwala, ya tauna kan har ya yi laushi, ya bi haƙoransa ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai da na saye ya karyo reshen darbejiya. Sunna ce, tsafta ce kuma. Sai dai wannan ladabi a kan manya ya tsaya. Yaron da aka yaye, mai yawo a tsakar gida da alewa a hannu, ba mai buɗe bakinsa ya ga halin da ake ciki. In ka yi magana a ce maka, "Ai haƙoran nono na, Malam, hwaɗuwa za su yi."

Gaskiya ne za su faɗi. Guda 20 ne, suna fara tsirowa wajen wata shida, su fara zubewa wajen shekara shida. Amma dasashin da ke riƙe da su ba ya faɗuwa, kuma a nan masifa ke shiga. Ragowar kunu da tuwo na maƙalewa a gindin haƙori, ƙwayoyin cuta su taru a kai su zama wani farin dafi-dafi. In an bar shi, dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa zubar da jini, baki ya yi wari. A jikin yaro mai ƙoshin lafiya abin kan tsaya nan. A jikin wanda tamowa ta rama, ko ƙyanda ta kayar, ko zazzaɓin cizon sauro ya wahalar, wannan ɗan gyambon na iya rikiɗewa ya zama cutar noma.

Mu mutanen Sakkwato ba labari muke ji ba. Tun 1999 akwai asibiti sukutum a birnin Shehu da aka keɓe wa wannan cuta, wato Asibitin Yara na Noma, kuma tun 2014 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aiki a can tare da gwamnati, ana magani da tiyata kyauta. Cutar ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Cikin 'yan kwanaki kunci ya kumbura, fata ta yi baƙi, nama ya zube, har ta kai ga ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tara cikin goma na waɗanda ba su sami magani ba mutuwa suke yi. Wanda ya rayu kuwa ya rayu da rami a fuska, ci da magana su zame masa aiki, a riƙa ɓoye shi a ɗaka. Najeriya ce ta ja gaba har hukumar ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023.

Abin da ke ci mini rai shi ne arahar maganin tun da fari. In an kai yaro lokacin da dasashi ke jini, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. Amma sai a ce iska ce, a yi ta hayaƙi da shafe-shafe, a biya ta kemis a sayo na zazzaɓi, har sai kunci ya ɓule sannan a nemi motar Sakkwato. Bango ba ya faɗuwa ranar da ya tsage, amma mai hankali ranar yake neman laka.

To, me ake so uwa ta yi? Ba wani abu mai tsada ba. Jariri, a naɗe tsumma mai tsafta a yatsa, a jiƙa da ruwan ɗumi a goge masa dasashi. Da haƙori ya fito, a koma ƙaramin buroshi mai laushi, da man goge baki mai sinadarin fulorayid daidai ƙwayar shinkafa. In ya kai shekara uku, daidai ƙwayar wake. Sau biyu a yini, kuma na dare ya fi muhimmanci, don miyau na raguwa cikin barci. In babu kuɗin buroshi, asuwaki mai laushi ya wadatar, a riƙa yanke kan da ya tsufa. Kowa da nasa. Toka da garin gawayi kuwa kankare haƙori suke yi, a bar su. A rage alewa da lemon kwalba da shayin da sukari ya yi wa yawa. Kuma a ɗaga leɓen yaro a duba, a sansana.

Za a ce mutanen da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, suna neman na tuwo, ina su ina buroshi? Ƙorafi ne mai ƙarfi, ban raina shi ba. Yunwa ce uwar wannan cuta, kuma magance ta nauyin hukuma ne. Amma ɗan gudun hijira shi ya fi kowa shiga haɗari, don haka bakinsa ya fi buƙatar a duba.

Kirana ga shugabannin lafiya na ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo shi ne: duk yaron da aka kawo rigakafi ko awon tamowa, a buɗe bakinsa kafin a sallame shi, minti guda ne. Limamai su faɗa a huɗuba, ungozomomi su faɗa a gidan suna. Kai kuma maigida, in ka je kasuwar Achida sayen cefane, ka ƙirga yaran gidanka, ka sayo wa kowa abin goge bakinsa.